Man Zurmar Gwaggo

A bayan ɗakin Gwaggo, ƙanwar babanmu, akwai zurma da ta fito da kanta a kan juji. Gwaggo takan soya 'ya'yan, ta daka, ta tafasa, ta kwashe man da ya taso ta ɗura a kwalba. Da shi muke shafa kaushi da gashi, wanda cikinsa ya ɗaure kuma a ba shi cokali ya wuni yana zarya. Ban taɓa ganin laifin man nan ba sai a kan ƙanwata.

Wajen Maraɗi take aure. Ta zo gida Jibiya goyon cikin fari, wata ya cika, haihuwa shiru. Sai aka fara raɗe-raɗin za a rufe boda. Mijinta ya bugo waya ya ce ranar kasuwa zai zo ya ɗauke ta, ko da jariri ko da cikinta, shi ba zai bar matarsa a wata ƙasa ba. Wai wata ƙasa, garin da ake zuwa a dawo kafin la'asar.

Yarinyar nan ta zauna tana kuka, ita ba za ta yi haihuwar fari nesa da Inna ba. Gwaggo ta ce, "Share hawayenki ɗiyata, zurma za ta sauko da shi."

Na ce, "Gwaggo, wannan ba ɗaurewar ciki ba ce fa. Mutum ne a ciki."

Ta ce, "Ke nawa kika haifa?"

Ko ɗaya. Ta san inda za ta taɓa ni, kuma har yau abin yana ci mini rai. A gabana ta tsiyaya man a kunu, ƙanwata ta toshe hanci ta shanye.

Kafin azahar gudawa ta tsinke, amai ya biyo baya, mara tana murɗawa ba sassauci. Da muka isa asibiti leɓunanta sun bushe. Nas ta tambayi abin da aka ba ta, Gwaggo ta sunkuyar da kai. Sai aiki aka yi aka ciro yaro namiji, numfashinsa sama-sama.

Washegari aka rufe boda. Mijin ya iso shinge aka hana shi wucewa. Ya kira ni daga can, ina jin hayaniyar 'yan mashin a bayansa, ya ce, "Yaya, kara wa yaron wayar a kunne in yi masa huɗuba."

Na kara masa. Ya yi kiran sallar har ƙarshe, ni kuwa na kasa gaya masa yaron ya koma tun da hantsi.