Ruwan da Na Tace wa Baƙi

Shekarata huɗu da aure lokacin da aka ce gwamnati ta samu kuɗin man fetur, za ta haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi. Ƙauyenmu yana gaba da Zandam, ta wajen Gwaram, a lokacin kuwa duk Jihar Kano muke. Ruwanmu na tafki ne, mu sha, shanu su sha. Da damina ta kankama sai kurkunu ya tashi, wannan tsutsar mai kama da farin zare da ke fasa ƙafar mutum ta fito. Maigidana ba ya tsallake shekara. Ana tsakiyar noma shi yana kan tabarma, yana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, ciyawa tana cin gero.

Ni kuwa an san ni da gyaran ruwa, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kan haka. Wurin kakata na koya. In tace da farin ƙyalle, in jefa ɗan alimun laka ta kwanta, in juye a randar da na turara, in saka saiwar jema don ƙamshi. Ba kullum ba fa, ina kuɗin alimun? Sai ranar suna ko in an yi baƙo na kunya. Sauran ranaku yadda aka ɗebo haka ake sha, a gona ma da hannu ake kamfata.

Sai ga saƙo daga Birnin Kudu cewa ma'aikatan ruwa za su zaga su duba inda ya fi bukata, don rijiyoyin ba za su isa kowa ba. Mai garinmu dattijo ne mai gudun abin kunya. Ya sa aka share gari tas, ya ce duk mai kurkunu ya zauna cikin gida kada baƙi su ga ƙazanta, ya kuma aiko matarsa ta ce ni zan yi ruwan baƙi. Kai, ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don daɗi. Kwana biyu na yi a kan ruwan nan, sau uku ina tacewa, har sai da na ga gindin ƙwarya ta cikinsa.

Suka zo su uku a mota. Muna bayan zana mu mata, muna leƙe. Babbansu ya sha, ya ƙara, ya ɗaga ƙwaryar yana dubawa.

"Wannan ruwan kuke sha a nan?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji mai gari.

To me zai ce? Ya ce wa baƙo a'a, kai kaɗai muka yi wa, mu laka muke sha? Mutumin ya yi rubutu a takardarsa. Matan da ke kusa da ni suna ta zungurina, wai na fitar da gari kunya. Tafkin ma ba su je ba, don mai gari ya ce rana ta yi zafi, kada a wahalar da manya.

Daga wurinmu suka wuce ƙauyen da ke gabas da mu, mutanen da muka daɗe muna yi wa dariya don ba su iya karɓar baƙo ba. Can aka miƙa musu ruwa ja wur, guragun kurkunu kuma suna zube a gindin bishiya, ba wanda ya ce su tashi. Kafin kaka aka kawo musu injin haƙa. Mu aka rubuta muna da ruwa mai kyau.

Tafiya zuwa rijiyarsu ta fi ƙarfin a yi ta kullum da tulu, ga aikin gida. In muka je kuma matansu su tare mu da tsiya, wai ina masu ruwan turare, me ya kawo ku layinmu? In haɗiye, in cika tuluna. Sau biyu a mako nake iyawa, sauran kwanaki tafki.

Daminar da ta biyo, kurkunu ya fito wa maigidana a gwiwa. Tsutsar ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Aka ɗora shi a jaki zuwa bakin titi, aka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Ya rayu, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Mutumin da ke noma shi kaɗai ya cika rumbu biyu ya koma saƙar igiya a zaure, salla ma a zaune, ƙafa a miƙe. Ko sau ɗaya bai ce laifina ba ne. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Damina shida aka yi kafin wasu ma'aikatan su sake zuwa. Tsohon mai gari ya rasu, ɗansa ke kai, shi ma ya aiko a gyara ruwa. Na ce to. Da baƙi suka zauna na yafa mayafi, na tafi tafki na kamfato daga inda shanu suka tattaka, na shiga tsakiyar maza da ƙwaryata, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa na ajiye. Har ƙananan ƙwari ke yawo a ciki. Babban baƙon ya duba, ya dube ni.

"Baba, a yi haƙuri," na ce, "wannan shi muke sha. Mai gidana yana zaure in kuna son ganin ƙafarsa."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wasu dattawan sun yi wata ba su amsa gaisuwata. Amma baƙin sun je zauren, sun je tafkin, da rani kuma aka kafa mana famfon tuƙa-tuƙa a bakin kasuwa.

Ranar da ruwa ya fito na ɗebo kofi guda na kai wa maigidana kafin kowa a gidan ya taɓa. Ya gyara ƙafar da hannu biyu, ya yi bismilla, ya sha a hankali. Na tsaya a kansa ina jira. Ya miƙo mini kofin, yana murmushi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Amma fa bai kai naki daɗi ba."

Har ga Allah yabona yake yi. Na karɓi kofin na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba a asibiti.