Kwana Sha Ɗaya da Direba Ya Ɗauka a Kansa

Da an sallame sallar asuba a masallacin lungunsu na Batha da ke birnin Riyad, Malam Buraima ba ya komawa ɗaki. Yakan tsaya wurin Salissou mai shayi ya kurɓi kofi ɗaya a tsaye, ya kama mota zuwa kwalejin da yake wa aiki can wajen Al-Badi'a. Kafin masu ofis su yi juyin kwanciya na ƙarshe ya riga ya share bas, ya duba taya da mai, ya cika kuloli da ƙanƙara, ya jera rigunan 'yan wasa kowa da lambarsa. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana haka. A igamarsa, takardar izinin zaman nan da kowane baƙo yake kwana yake tashi da ita, direba aka rubuta, kuma albashin direba ake ba shi. Sauran ayyukan da suka taru a wuyansa ba wanda ya rubuta su a ko'ina.

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin nan ya ga kalanda biyu manne a saman gilashi, ɗaya ta Hijira ɗaya ta Bature. Ɗalibai sun sha yi masa dariya a kai, suna tambayarsa ko Juma'a biyu yake yi a mako. Shi dai murmushi yake yi. Kaɗan ne suka san dalili. A shekararsa ta uku a ƙasar nan aka aiko masa daga Maraɗi cewa mahaifiyarsa na kwance. Ya duba igama ya ga da sauran kwanaki, ya yanki tikiti, sai a filin jirgi aka nuna masa wata takardar da wa'adinta ya riga ya cika, domin ita da lissafin wata aka buga ta, shi kuma da na Bature yake ƙirge. Kafin a gyara, an yi sadakar uku. Tun daga ranar bai sake yarda da kwanan wata guda ba sai ya ji ta bakin ɗan'uwansa.

Shi ake aika wa ofishin kwamitin gasar kwalejoji da takardun 'yan wasa, har sunansa ne a rajistarsu a matsayin mandub, wato ɗan aiken kwaleji. Zaman layi ya yi masa yawa, sai ya riƙa karanta littafin dokokin da ke ajiye a kan tebur don rage lokaci. Larabcin da ya taso da shi daga makarantar allo, ya ƙaro a titi, shi ya kai shi bangon littafin na ƙarshe. A hankali ya zama duk ɗalibin da ya sauya kwaleji yana son ya san ko zai yi wasa, ba ofis yake hawa ba, matakalar bas yake zama. Salissou ya shaida mini cewa akwai Asabar ɗin hutun da Buraima ya kwashe wuni guda yana bin wani jami'i daga gidan ɗaurin aure zuwa gidan gaisuwa, don sa hannu guda na wani yaro ɗan Sudan da ko sunan ubansa bai sani ba.

Dokar kanta ba ta da wuyar fahimta. Ɗan wasan da ya bar wata kwaleji ya koma wata, zai zauna shekara guda cur daga ranar da aka sallame shi kafin ya sa rigar sabuwar. Abin da ke da wuya shi ne a sami wanda zai ce shi ke da alhakin ƙirga shekarar. Ka tambayi tsohuwar kwaleji ta ce ai ta sallame shi, ba ruwanta. Ka tambayi sabuwa ta ce kwamiti ne mai doka. Kwamiti ya ce shi abin da aka kawo masa yake shigarwa a kwamfuta, kwamfuta kuwa ba a kai ta ƙara. Haka za a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu kamar garwashi, har ya faɗa cinyar wanda ba shi da inda zai jefa shi, wato ɗalibi. Ranar karɓar kofi kuwa ka ga manya sun cika hoto har ba a ganin wanda ya yi gudun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin wannan hali Zayyanu ya zo. Ɗan Alhaji Maiwada ne, wani mai walda Bakatsine da kafilinsa, wato mai gidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya ɗauke shi daga Dammam ya dawo da shi Riyad, dole iyali suka biyo. A Dammam aka haifi Zayyanu, sau biyu kacal ya taɓa taka Najeriya, Hausarsa ma sai ka yi haƙuri da ita. Amma in ya sa ƙafa a tseren mita ɗari takwas, sai dai a bi bayansa da kallo. Saboda ƙafar nan kwaleji ta ba shi gurbin karatu kyauta, saboda karatun kuma yake zaune a ƙarƙashin igamar ubansa duk da ya wuce shekara ashirin. In aka hana shi gudu gurbi ya tafi, in gurbi ya tafi zama ya ƙare.

Tsohuwar kwalejinsa ta rubuta ranar sallama da lissafin Hijira, goma ga Sha'aban. Da shekara ta zagayo, sakataren sashen wasanni ya ƙara ɗaya a kan lambar shekarar, ya ga goma ga Sha'aban ta wuce, gasa kuma ranar sha huɗu ce, sai ya sa sunan Zayyanu. Buraima ya karɓi takardar zai kai, ya zauna a kujerarsa ya ɗaga kai ya dubi kalandunsa. Littafin kwamiti da shekarar Bature yake aiki, ita kuwa ta fi ta wata tsawo da kwana sha ɗaya. Da wannan lissafin, ranar gasa saura mako guda wa'adin yaron ya cika.

Ya hau bene ya sami mudir, shugaban sashen wasanni, ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ranka shi daɗe, lissahin ga bai cika ba. Yaron ga da sauran kwana bakwai. A bar shi ya tsallake wagga gasa, ta gaba ba ta da nisa."

Mudir bai ɗago daga wayarsa ba. Shekara huɗu kwalejin ba ta ga lambar zinare ba, ga ta kuma tana ƙyalli a gabansa.

"Ya Buraima, kai sawwag ne, direba, ko lauya? Ma fi mushkila. Kai takarda, ka tuƙa motarka."

Ya kai takarda, ya tuƙa motarsa. Wannan ne abin da har yau bai yafe wa kansa ba, ko da yake ni ban san abin da ake so direba ya yi ba bayan ya faɗa an ce ya yi shiru. Zayyanu ya yi gudu ya zo na ɗaya da tazarar da ba ta buƙatar gardama. Aka ɗauki hotuna, mudir a tsakiya. Bayan Sallah kwalejin da ɗanta ya zo na biyu ta kai ƙorafi, su ma ashe suna da mai ƙirga.

Lambar zinare dai ta tafi ko ta wane hali. Abin da ya rage shi ne a faɗi mai laifi, kuma a nan dokar ta rabu biyu. In kuskuren daga ma'aikacin kwaleji ne, a soke sakamako, ɗalibi ya ci gaba da gudunsa. In ɗalibi ne ya ba da bayanin ƙarya, a dakatar da shi shekara biyu. Wata safiyar Lahadi sakatare ya miƙa wa Buraima wasiƙa a buɗe, ya ce ya biya ƙasa a buga mata hatimi sannan ya wuce da ita kwamiti. A kan matakala ya karanta. An rubuta cewa ɗalibi Zayyanu Maiwada ne ya yaudari sashen wasanni game da ranar sallamarsa. Yaron da ko ganin takardar bai taɓa yi ba!

Buraima ya juya ya sake hawa benen. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya ajiye wasiƙar a kan tebur.

"Wagga ba ni kai ta."

Mudir ya ce to ya kawo wanda zai ɗauki laifin. Shi ba zai rubuta sunansa ba, sakatare kuma ɗan ƙanwar wani babba ne. Kwamiti suna yake so, ko na wane ne. Buraima ya ce ai shi ma ma'aikacin kwaleji ne, kuma sunansa na cikin rajistar kwamiti.

"Ku rubuta ni na rikita kwanan wata. Ku hidda sunan yaro."

Ba a ɓata lokaci ba wajen sake buga wasiƙar, ban taɓa jin takardar da ta fito da sauri a ofishin nan kamarta ba. Mutumin da shi kaɗai a duk ginin ya ƙirga daidai, shi ya sa hannu cewa bai iya ƙirga ba. Ya ɗauka da kansa ya kai, ya bi layi kamar kullum.

Da labari ya iso Batha, Salissou ya ajiye butar shayi ya rufe shi da faɗa. Ya tuna masa matarsa Delou da ke Maraɗi, da ɗiyansa biyu da ba su gama makaranta ba, da shekarunsa sittin da ɗaya da ba wani kafili da zai sake ɗaukarsa.

"Salissou, ni in an kore ni na san hanyar gidanmu, ko da ido rufe," in ji Buraima. "Shi yaron ga in an kore shi ina za shi? Ko sunan unguwar ubanshi bai iya hwaɗi daidai ba."

Kwamiti ya wanke Zayyanu. Wata biyu bayan haka aka kira Buraima aka ce ba za a sabunta kwantiraginsa ba, saboda akwai sakaci a fayil ɗinsa. Sakacin da suka san yadda aka yi ya shiga! Aka buga masa huruj, fita ba dawowa. Ba walima, ba takardar yabo, ko agogon bango da ake ba wanda ya shekara biyar ba a ba shi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sanarwar da ke manne yanzu a ƙofar sashen wasanni, wai daga yau a riƙa duba ranar sallamar ɗan wasa da kalanda biyu. A ƙasanta sa hannun mudir ne, har an yaba masa a taron ma'aikata kan wannan hangen nesa.

Zayyanu bai san abin da aka yi dominsa ba sai da sakatare ya yi suɓul da baka. Ya zo da gudu ya sami Buraima yana wanke bas, ya tsaya yana haki, Larabci da Hausa suna rige-rigen fita daga bakinsa.

"Baba, lesh? Don me? Wallahi zan tafi lajna, wurin kwamiti, zan faɗa musu kai ba laifi."

"In ka tahi, ni ba su maido ni, kai kuma su kore ka. Mun yi biyu babu ke nan." Ya miƙa masa tsumma. "Kama nan, goge gilas. Kuma ka rage waiwaye in ka shiga kwana ta ƙarshe, na sha hwaɗa maka."

Alhaji Maiwada ya zo Batha da kansa don godiya, ya durƙusa, dattijo da furfurarsa. Buraima ya ɗago shi ya ce wa Salissou ya zuba shayi biyu.

Malam Buraima, gatan wanda ba shi da kowa a ofis, yau kai nake wa jinjina tun kana raye kana ji, don na gaji da yabon da ake ajiye wa mutum sai an rufe shi. Kai ne ka karanta littafin da waɗanda ake biya don su karanta ba su buɗe ba. Kai ne ka faɗi gaskiya aka ce maka direba, sannan da aka rasa mai ɗaukar laifi aka tuna kai ma'aikaci ne. Ba zan ce maka abin da ka yi ya gyara komai ba, domin mudir na nan a kujerarsa, kuma har gobe in ka tambayi wa ke da alhakin ƙirga shekarar ɗan wasa, yatsa za a nuna maka zuwa ofishi na gaba. Amma yaro guda yana nan bai rasa karatunsa ba, kuma mun san wanda ya biya.

Mun gode, Allah Ya saka maka da abin da ya fi wanda aka hana ka. Mu kuma da muka rage, direbobi da masinjoji da masu shara, takardun 'ya'yan mutane ta hannunmu suke bi. Mu riƙa karanta abin da aka ba mu mu kai. Ba kowa ke da zuciyar sa hannu irin ta Buraima ba, ni ma ban ce ina da ita ba, amma kowa na iya hawa bene ya ce lissafi bai cika ba. Masu kujera kuwa, in kunya ta yi muku saura, ku sa sunanku inda kuka sa hotonku.

Wa'adin fitar Buraima Alhamis mai zuwa ne. Tseren farko da Zayyanu zai yi a sabon zango ranar Asabar ne, kwana biyu tsakani. Jiya na same shi ya shiga bas ɗin don ya cire kalandunsa kafin ya miƙa makulli. Ya daɗe yana bin su da yatsa, wannan sannan waccan, ko Allah zai sa a sami 'yan kwanakin da suka ɓuya a tsakani kamar wancan karon. Ya ninke su ya ba ni, ya ce in kai wa yaron.

"Na duba duka biyun," in ji shi. "Wannan karon bakinsu ɗaya."