Tsokar Inna a cikin kwalba

Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, Inna ta taso daga Badagishiri wai ta zo ganin jikoki. Ta yi kwanaki a gidan, jikokin ko goyo ba su samu ba. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan fita, ta kira ni ɗaki, ta kama hannuna ta ɗora a kan nononta na hagu. Ƙullutu ne mai tauri, ba ya motsi.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun ba a cire albasa ba."

An cire albasar, an sayar, damina ta zo ta wuce. A tsakanin nan ta sha rubutu, ta shafa sassaƙe, ta nuna wa wanzami. Ni da aka kai boko don irin wannan rana, ni ce ta ƙarshen ji.

A asibiti likita ya yi mata allurar kashe zafi, ya yanko ƴar tsoka da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ya jefa a kwalba mai wani ruwa mai hawa kai. Ya ce shi hannu kawai gare shi da ido, sai an kai Yamai an yanka tsokar siriri an duba a madubin likita kafin a san sunan ciwon. Na tambayi ranar da motarsu ke tafiya. Ya miƙo mini kwalbar.

Maigidana yana aiki a masana'antar siminti, shi ya samo mini wuri a gaban wata babbar mota mai kai kaya Yamai. Inna ta rako ni bakin ƙofa da gargaɗi.

"Ki riƙe ta da hannun dama. Kada ki shiga makewayi da ita. In sun ƙare kallo ki maido mini a bizne, jikin mutum ba shara ba ne."

Muna wuce Ƙonni jandarmomi suka tsayar da mu, suna neman man fetur da magungunan da ake tsallakowa da su daga iyaka. Wani dogo ya buɗe jakata, ya zaro kwalbar daga cikin zanen da na naɗe ta, ya ɗaga ta a rana yana girgizawa, fuskarsa cike da murnar wanda ya yi kamu.

"Madam, mi a ciki?"

"Nonon uwata ne."

Nan take ya daina girgizawa. Ya naɗe kwalbar da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da lafiya. Direban, wanda tun daga Malbaza yake cin tsire yana ba ni labarin siyasa, ya nannaɗe sauran naman ya tura ƙarƙashin kujera. Har Yamai salati kawai na ji daga bakinsa.

A ɗakin bincike wata mata ta karɓi kwalbar ta taga, ta liƙa mata lamba, ta jera ta cikin ƴan'uwanta a kan kantar ajiya. Ban taɓa zaton matan ƙasar nan da yawa haka suna zaune a kan kanta ɗaya ba. Na isar da saƙon Inna. Matar ba ta yi mini dariya ba, ta ce za a daskarar da tsokar cikin kaki irin na kyandir a ajiye, ko za a sake buƙatarta. Da na koma na ce wa Inna suna riƙe da ita da mutunci. Ta ce to, ajiya dai ba kyauta ba ce.

Sai da muka gaji da jira amsa ta zo: ciwon daji. Na koma Yamai, wannan karon da Inna ɗungurungum, aka cire nonon. Tana kwance tana murmurewa wani dattijon likita ya ja kujera ya zauna, ya shiga tambayar dangi kamar mai neman aure. Me ya kashe mahaifiyarta? Ciwon ƙirji. Yayarta fa? Wannan sammu ne, in ji Inna, gyambo ne ya fito mata a nono bayan rigimar iyakar garkar albasa da wata maƙwabciya, kuma tun ranar ba ma gaisawa da mutanen gidan.

Likitan ya ce wani lokaci ciwon nan yana bin jini daga uwa zuwa ɗiya. Akwai abokan aikinsa a Faransa da ke binciken haka, in Inna ta yarda zai aika musu da tsokar da ke cikin kaki tare da ɗan jininta. Bai yi alkawarin komai ba.

"Hwaransa?" in ji Inna. "Ni da sai da wuƙa ta kira ni na ga Yamai?" Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "In zai amfani ɗiyana mata, su kai."

Maganar biznewa ba ta sake tasowa ba.

Wanda bai yarda ba shi ne kawu, ƙanen Inna, manomi a Tajaye mai ɗiya mata cike da gida. Ya iso Malbaza ko ruwa bai sha ba ya fara.

"Ke da bokonki kun ja muna abin magana. Sammu an san mai shi, ana karya shi. Amma a ce cikin jininmu yake? Wa za ya auri ɗiyana?"

Na ce masa babu wanda ya sani sai mu. Haka kuwa abin yake, har ranar kasuwar Badagishiri, inda kawu ya bi rumfa rumfa yana kai ƙarata wurin duk wanda ya tsaya. Kafin la'asar masu sayar da nono ma sun san cewa gidanmu ana gadon ciwo.

Amsar Faransa ba ta taɓa zuwa ba. Na yi ta bugawa, daga baya aka ce likitan ya bar wurin, wanda ya gaje shi kuma bai san zancen ba. Ni da kawu mun yi fushi, mun yi gaba, mun shirya, duk a kan sakamakon da babu wanda ya gani. Ɗiyan kawu suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, da alama samarin Tajaye ba jini suke kallo ba.

Inna ta koma garkarta, tana cusa tsumma a rigarta ta gefen hagu, ta ƙara shekaru masu kyau. Wata rana ta ɗebi albasa a kwando ta shiga gidan maƙwabtan nan don ta nemi gafara. Matar da muka zarga ta daɗe da rasuwa. Jikokinta suka karɓi albasar suna godiya, ba su san dalilin ba.

Bayan rasuwar Inna, da wata hantsi, kawu ya yi sallama a ƙofar ajina. Babbar ɗiyarsa tana tsaye bayansa, kanta a ƙasa, goyo a bayanta. Ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Ta ce ta ji wani abu a ƙirjinta. Shekaranjiya ta ji shi. Ki kai ta wurin mutanen naku." Ya waiga hagu da dama. "Amma don Allah kada kowa ya ji."

Na bar yara da maƙwabcin ajina, muka tari mota.