Rediyon Baba a Taronmu na Arlit

Duk wanda ya ce maka a Arlit ba a taɓa yin abin kirki ba sai haƙar uraniyom, ka turo mini shi. Mun yi taron na'ura a garin nan tun ana bin layi a shiga siber, wato shagon intanet, kuma ba gwamnati ce ta shirya mana ba, ba kamfani ba. Mu ne kawai, da azuzuwan wata lakwal, wato makarantar boko, da muka ara ranar hutu, da injin wuta na wani mai walda, da shinkafa da wake da matan unguwa suka dafa mana don Allah.

A lokacin ina aiki a wata siber kusa da tasha, ina buga wa mutane takardun neman aikin da babu shi. Shekarun tawaye ne. Hanyar Agadas ba a bin ta sai da rakiyar sojoji saboda nakiya, damina kuma ta ƙi, makiyaya sun gangaro bakin gari da abin da ya rage musu na awaki. Garin ya yi shiru irin na gidan da ake jinya.

Gidanmu ma haka yake. Baba ya zo Arlit daga Damagaram tun yana saurayi, aikinsa rediyon sadarwa, wadda ake magana da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da ita in sun yi nisa cikin daji. Da farashin uraniyom ya faɗi aka rage ma'aikata, ya koma wani ƙaramin kamfanin sufuri. Da hanya ta lalace shi ma wannan ya rufe, aka sallame shi, aka bar masa tsohuwar rediyon tunda ba mai so. Salula ta shigo, wa zai waiwayi wani akwatin ƙarfe mai nauyin buhun gero? Tun daga nan Baba ya daina fita. Mutumin da in yana majalisa har bayan layi ana jin muryarsa, ya koma zaman zaure shi kaɗai, ƙofa a rufe. Sallah ma a gida yake yi sai Juma'a. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji. Ni kuwa tsoro nake ji, wallahi, don na ga yadda zaman ɗaka ya cinye maƙwabcinmu, lafiyarsa lau amma ya tafi a hankali. Ba na son Baba ya bi shi.

Wani malamin lissafi ne ya zo da maganar taron, ya ga irinsa a Yamai. Ya ce ba a gayyato manyan baƙi, ba a tsara masu jawabi. Allo ake gogewa tas a ja masa gidaje, duk mai abin koyarwa ko abin tambaya ya ɗauki alli ya rubuta a gida ɗaya, a ba shi aji. Doka ta biyu ita ce ta ba mu dariya: in ka zauna a aji ka ga ba ka ƙaruwa, ka tashi ka koma wani, ba wanda zai ji haushi. Na ce masa, "Malam, a garin nan? Mutum yana magana a tashi a bar shi? Kai dai ka daɗe a Yamai." Ya ce mu gwada.

Mun sha zirga-zirga kafin hukuma ta yarda, da sharaɗin a watse kafin magariba. Ni aka ba aikin lokaci. Akwai tsohon ƙarfen taya rataye a bishiyar tsakar lakwal, shi zan riƙa bugawa in lokacin aji ya ƙare.

Tun saura mako nake damun Baba. Na ce ya zo ya nuna wa yara rediyonsa. Ya ce, "Uwata, bar ni. Wa ke son tsohon zance?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na ce allon na kowa ne, ba a tambayar shekaru. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar taron na fita da sassafe na bar shi a zaure.

Kai, safiyar nan ta yi daɗi! Har yanzu in na ji warin alli da hayaƙin injin wuta sai ta dawo mini. Da farko kowa ya tsaya yana kallon allo kamar zai cije shi. Mai gyaran salula na bakin kasuwa ne ya fara ƙarfin hali, ya rubuta zai nuna yadda ake ceto wayar da ta faɗa ruwa. Sai wata ma'aikaciyar asibiti ta rubuta buɗe akwatin saƙo a intanet. Wani ɗalibi ya ce zai nuna Tifinar, rubutun Azbinawa, a ordinater, wato kwamfuta, ajinsa ya cika da masu rawani suna leƙe suna dariya don sun ga baƙaƙensu a gilashi. Wani mai garka bai iya rubutu ba, ya sa aka rubuta masa cewa shi tambaya gare shi: ko faifan hasken rana zai iya ja masa famfon rijiya? Aka taru aka yi ta musu a kai, direba da malami da makaniki, ba babba ba yaro. A shekarar da kowa ke kallon ɗan'uwansa da gefen ido, ranar nan Bahaushe da Ba'azbine da Bafillace suna benci ɗaya suna ƙwace alli daga hannun juna.

Abu ɗaya ne ya ƙi. Ba wanda ya tashi daga aji. Na leƙa wani wuri na ga mutane suna gyangyaɗi, mai magana yana ta zuba, su kuma kunya ta ɗaure su a benci. Da aka zauna cin abinci na hau kan dakali, ni da bakina da ba ya gajiya, na ce, "Jama'a, ba wa'azi kuka zo ba! Wanda ya ƙosa ya tashi mana. Ƙafarka taka ce, ba aro ka yi ba. Wanda na sake gani yana barci a aji, shi zan buga maimakon ƙarfen nan." Aka yi dariya, aka tafa mini. Ashe sun ji, sun kuma riƙe.

Bayan azahar sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur ɗinsa a ƙofar lakwal. Baba ne a baya, cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya rungume rediyon a cinya an naɗe ta da zanen Inna. Murna ta kama ni. Bai ko kalle ni ba, ya wuce wurin allo, ya ɗauki alli ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa na mutanen da: yadda ake magana da na nesa in babu rezon salula. Ajin ya cika maƙil. Wasu sun san shi, wasu so suke su ga abin da ke cikin zanen.

To, Allah ya jiƙan Baba, amma gaskiya ɗaya ce: bai iya taƙaita zance ba. In ka tambaye shi hanyar kasuwa sai ya faro maka daga ranar da aka kafa ta. Ya fara daga shekarar da ya sauka a Arlit, da Baturen da ya koya masa aiki, da irin wayar da ake ja a kan rufi. Da ya zo kunna rediyon, ba abin da ta yi sai shuuu, don babu kowa a ɗaya gefen, duk masu irinta sun daɗe da kashewa. Ya yi kira, ya sake kira, shiru.

Ina tsaye a bakin taga lokacin da ɗalibi na farko ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya fice. Sai na biyu. Sai benci guda. Wani ma da zai wuce ni har ya ɗaga mini gira, wai ga shi yana bin doka, ɗan banza. Na ji kamar in shaƙe shi, amma da wane bakin zan yi magana? A ajin da ke maƙwabtaka da shi ana nuna yadda ake tura waƙa daga waya zuwa waya, can suka kwarara, ana jin shewarsu ta bango. Na ga Baba ya bi bayansu da kallo, muryarsa ta fara sauka. Ya kai hannu ya jawo zanen Inna zai rufe rediyon. Na ce a raina shi ke nan, na fito da shi don a kunyata shi, in ya koma zauren nan yau ba zai ƙara fitowa ba.

Saura mutum ɗaya. Wani Ba'azbine ne mai shuɗin rawani, yana zaune a ƙasa jikin bango, ba ma kan benci ba. Na san shi, don ni na shigo da shi. Da hantsi ya tare ni a ƙofa, ba taro ya kawo shi ba, ya ji ƙarar injin wuta ne. Ya ce daga wajen Gugaram yake, ya kawo iyalinsa bakin gari, ƙanensa yana can daji da sauran raƙuma, kuma kwanaki ba labarinsa. "Waya na ya mutu," in ji shi, "ina son wuta kaɗan." Wuraren cajin duk sun cika sai bayan azahar na samar masa ɗaya a wannan ajin, na ce in ta cika ya fita tsakar fili, can ne rezo yake kamawa. Saboda haka na san abin da ya zaunar da shi, wayarsa ce ke jikin bango.

Baba ya dube shi, ya dubi bencinan. Sai ya saki zanen, ya jawo kujera har gaban mutumin, ya zauna, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mutumin yana gyaɗa kai, jefi-jefi ya ce, "To. Haka ne, Malam." Can ya yi tambaya, ko rediyon nan tana kaiwa bayan duwatsu. Wayyo, ka ga fuskar Baba! Ya miƙe, ya ɗauki alli, ya zana dutse, ya zana kamiyo, muryar nan ta majalisa ta dawo har ana ji a tsakar fili.

Lokacin ajin ya cika, ya wuce. Malamin lissafi ya zo yana nuna mini agogo, wai masu aji na gaba suna jira. Na ce su je ƙarƙashin bishiya. Ya kai hannu zai karɓi sandar bugun, na ɓoye ta a bayana na ce, "Malam, ka taɓa ƙarfen nan ka ga yadda ake tawaye." Ya leƙa tagar, ya gane, ya juya ya tafi abinsa. Ban buga ba sai da aka kira la'asar.

Tare suka fito, mutumin ne ma ya ɗauko wa Baba rediyon a kafaɗa har bakin titi. Bayan kwana biyu ya zo gidanmu da ganyen shayi a ƙullin rawani, ya ce ya samu ƙanen nasa a waya, yana lafiya, raƙuma dai sun ragu. A ƙofar gida suka shimfiɗa tabarma, ba a zaure ba. Daga nan Baba ya tono wani tsohon batirin mota ya haɗa masa wayoyi, yana ɗora shi a kabu-kabu zuwa bukkokin bakin gari, yana yi wa makiyaya cajin salula, suna ba shi shayi yana ba su labarin da ba ya ƙarewa. Ya koma masallaci, ya koma majalisa. Inna ta koma ƙorafin ba ya zaman gida, ni kuwa ina jin ta ina dariya.

Mun sake yin taron bayan nan, amma bai kai na farko ba, daga baya kuma kowa ya kama gabansa. Malamin lissafi aka yi masa canjin wurin aiki, mai gyaran salula ya tafi haƙar zinariya, siber ta rufe don kowa intanet ɗinsa na aljihu. Mu ma muka tattara muka dawo Damagaram. Abokin Baba ya koma daji da aka samu ruwa da zaman lafiya, suna gaisawa ta waya har ƙarshen ran Baba.

Wata rana da yamma, Baba ya tsufa sosai, muna zaune ina yanke masa farce, ya ɗauko labarin ajinsa na Arlit, yadda ya koyar har la'asar. Tsokana ta motsa mini. Na ce, "Baba, bari dai in faɗa maka yau. Abokin nan naka ba don rediyonka ya zauna ba. Wayarsa ce ke caji, ni na sa masa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Uwata, ni za ki gaya wa wuta? Ai ina ganin wayar. Tun kafin in kunna rediyo ta cika, fitilarta ta koma kore. Ya duba ya gani, ya dubi ƙofa, mutane suna fita, ga ƙanensa a daji bai san halin da yake ciki ba. Sai ya kife ta a ƙasa, ya ja bakin rigarsa ya rufe, wai kada in gani."

Na tsaya da abin yankan farcen a hannu, hawaye suka zubo mini.

Ya miƙo mini ɗaya hannun ya ce, "Ƙarasa mini, kin bar babban yatsa."