Sunayen da Ban Riƙe Ba

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta, an ce ta rubuto sunayen kakanninta. Na lissafa mata uku, na tsaya cak. Sai kakata ta faɗo mini a rai.

Da sassafe take zama a tsakar gidanmu na unguwar Dilimi, sanyi na ratsa ƙashi, tana fere dankali, zaninta na ƙanshin hayaƙin itace. Duk dankalin da ta jefa cikin ruwa sai ta kira sunan ɗaya daga kakanninmu: wane ɗan wane, har zuwa wanda ya tako daga Kano ya zo haƙar kuza.

"Riƙe su, ɗan nan," in ji ta. "Bature bai rubuta uban kowa ba."

Ni kuwa hankalina na wajen ƙwallo. "To, Hajiya, gobe."

Bayan rasuwarta na je na duba tsohon littafin leburorin kuza. Audu Kano, Audu Kano, shafi bayan shafi. Garin mutum suka maƙala masa a gurbin sunan mahaifinsa. Ban gane wanne ne kakanmu ba.

Allah ya jiƙan ki, Hajiya, ya sada ki da su a Aljanna. Ke kin san kowa da sunansa.