Jirgin Da Ba Ya Tsallake Ganye

Bana shekara talatin da shida ke nan da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen ƙauyukan bayan Kusasu Mai Waya suke ce masa, domin shi ne direban ɗan jirgin lantarkin da ke fito da gungume daga dajin Birnin Gwari. Na san wasu za su ce tsohuwa ta fara ruɗewa, yaushe aka yi jirgin ƙasa a Birnin Gwari? Jikokina ma haka suke cewa. To, an yi, na kuma hau.

Wani kamfanin katako ne ya shimfiɗa layin gab da tafiyar Turawa. Siririn dogo ne, ya taso daga tsakiyar daji ya ƙare a ma'aikatar yankan katako kusa da babban titi. A can injin wutar yake, waya kuma ta bi bisa turaku har ƙarshen layin. Kan jirgin bai fi rumbu girma ba, da wata doguwar sanda a bisansa tana shafar wayar. Ba hayaƙi, ba kuwwa irin ta jirgin Kaduna. Ɗan amo kawai za ka ji kamar na ƙudan zuma, sai ka ga ya ɓullo tsakanin maɗaci da doka. In raɓa ta kwanta a wayar, shuɗin tartsatsi yake zubarwa. Har yau in na lumshe ido da hantsi, wannan shuɗin nake gani.

Da safe ya shiga daji wayam, da la'asar ya fito da kaya. Ayuba, wani Kirista ɗan Gbagyi, shi ke riƙe birki a taragon baya. In injin wuta ya mutu, inda jirgi ya tsaya nan ne masauki: maigida ya shimfiɗa buzunsa, Ayuba ya shiga neman ɗinya.

Layin ba shi da tasha, tunda ba don mutane aka yi shi ba. Amma mutanenmu suka yi wa kansu dabara. Duk mai son hawa sai ya karyo ɗanyen reshe ya ɗora a kan ƙarfen, ya koma inuwa ya zauna. Matan Gbagyi da doyarsu a kafaɗa, masu tallan nono, mara lafiyar da za a fitar asibiti, duk ganye ne tikitinsu. Mai Waya kuwa bai taɓa taka ganye ba. Ni ma ina budurwa na taɓa sa nawa, hannuna ba ko allura. Ya tsaya, ya leƙo ya ce, "Ina kayan?" Na ce, "Ni ce kayan." Ayuba ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Kafin kaka ta zagayo an ɗaura mana aure.

Muna cikin gidan kamfani, yaranmu suna makarantar da ke kusa, aka kawo sabon manaja. Ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Tsoronsa kada gungume ya murƙushe wani, ga kuma katako na makara. Ya ce direban da ya ƙara tsayawa ya ɗauki mutum, ya ajiye makulli, ya fita daga gidan. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ce, "Malam, don Allah ka runtse ido ka wuce, ka dubi yaran nan." Ya ɗauki makullinsa ya tafi aiki.

Labari ya bazu, sai ƙauyuka suka daina sa ganye. Ba wanda ya hana su, tausayinsa suka ji. Mata suka koma taka sayyada da doyarsu, jirgi na wuce su suna ɗaga masa hannu. Na ce shi ke nan, Allah ya raba mu da fitina.

Ran nan aka kwana ana iska da ruwa, da safe manaja ya ce zai bi su ya ga layi. Suna shan wata kwana, ga reshen maɗaci ɗanye shar a kan dogo. Ayuba ya ɗaga murya daga baya, "Iska ce, Mai Waya! Wuce!" Mai Waya ya ja birki. Ya sauko, ya dubi dama ya dubi hagu, ya yi sallama cikin daji, ya ce, "Akwai mutum?" Tsuntsaye kaɗai suka amsa. Ayuba ya yi gaskiya, iska ce. Amma manaja ya ce tsayawar ma laifi ce, ya karɓe makulli.

Da ya dawo gida ba makulli, abin da ya ce mini ke nan: "Da in wuce mutum ɗaya, gara in tsaya wa iska sau ɗari." Na ji haushinsa, haushi mai tsanani. Muka kwashe komatsai muka koma ƙauye, mai tuƙa lantarki ya koma riƙon fartanya. Hali zanen dutse. Ba a jima ba manyan motoci suka karɓe jigilar katako, aka kashe injin, waya ta bi hannun mutane, ƙarfen ya ƙare a maƙera.

Yanzu ina zaune a Kaduna wurin ɗiyata, domin ƙauyen namu ya watse. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga dajinsa a yau. Direban da ya hangi ganye a titin Birnin Gwari yanzu wuta yake ƙara wa mota, kuma ban ga laifinsa ba, mun san abin da ke ɓoye a bayan ganyen. Waya ta koma aljihun kowa, amma mai tsayawa ya yi wuya. Shi dai na san birki zai ja, ni kuma ina gefe ina roƙonsa ya wuce.

Ranar da ya rasu, ta tsohon gurbin layin aka bi da shi maƙabarta. Mu mata muna gida, Ayuba ne ya ba ni labari yana share hawaye. Ya ce tun daga bakin gari ganye ne a hanya, ƙauye bayan ƙauye sun fito, Musulmi da Kirista, kowa ya ajiye reshensa. Masu makara suka riƙa tsayawa. Liman ya ce, "Jama'a, gawa ba ta jira," sai ga reshe a gabansa, shi ma ya ja ya tsaya.

Bai bar mana gida ba, bai bar ko hoton jirgin da zan rufe wa jikokina baki da shi ba. Abin da ya bari shi ne tsofaffin da har yau in sun ji an ce Mai Waya sai sun yi masa addu'a. Allah ya ji ƙansa. Ni kuwa yau da hantsi na karyo reshen darbejiya na ajiye a bakin ƙofar ɗakina, na hana a share. Na san ba ya tsallakewa. In ya leƙo ya tambayi kayan, amsata tana nan yadda take.