Fitilar Murjanin Maigida

Maigidana ya yi shekaru a Jidda yana wankin akwatunan kifi na gilashi a wani otal. Abokan tafiyarsa sun dawo da haƙorin Makka da jarin shago, shi kuwa ya dawo da ciwon son murjani. Ni abin da na sani da murjani shi ne jan dutsen wuya da kakata ke ɗaurawa ranar suna. Sai da na aure shi na san abu ne mai rai, a teku yake tsira, yana da ƙananan bakuna masu buɗewa da rufewa, kuma da haske yake rayuwa.

A ɗakinsa na gidanmu da ke Gusau ya kafa akwatin. Faffaɗa ne marar zurfi, in na tsoma hannu ruwan ba ya kai min gwiwar hannu. Gishirin ruwan daga Legas ake aiko masa, murjanin ma daga can suka zo, guda uku. Biyu masu rassa ne, a kan ƙananan duwatsu suke zaune. Na ukun shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ya manne da babban dutsen tsakiya, launin ƙasa-ƙasa da kore a gefe. Famfon da ke motsa ruwan batirin sola ke jan sa. Fitila kuwa, a kanta na sha wa'azi har kunnena ya yi kanta.

Ya fara da wata babba mai zafi, irin ta filin ƙwallo. Murjani sun so haskenta, amma ruwa ya riƙa ɗumi kamar na wankan jego, ya cire ta. Ya koma dogon ƙwai irin na ofis, ya ce haskensa na da laushi amma ba ya jimawa yake dusashewa. Daga ƙarshe ya samo wata mai ƙananan idanu, shuɗi da fari, ya rataye ta can sama. Kullum maganarsa ɗaya: ruwa marar zurfi ba ya tare haske, saboda haka a nan yawan haske ne ke kisa. Shuɗi suke so, sanyi suke so, kuma ba a ƙara musu haske farat ɗaya. Ni dai ina tsinkar zogale ina cewa to. A raina ina cewa mutumin da bai san farashin manja ba ya haddace abin da dutse ke so.

Wata safiya aka aiko daga Tsafe cewa jikin mahaifiyarsa ya tsananta. Ya ɗauki jaka ya tafi, ya ce kada in taɓa komai, ba zai daɗe ba. Bai jima da tafiya ba aka katse layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Aka hana sayar da mai a jarka. Hanyar Tsafe ta zama abin da ake ambata da ƙaramar murya. Kowa ya shigo gari da nasa labarin, babu kuma mai daɗi. Ban san ko ya isa ba, ban san ko yana raye ba.

Mahaifiyata, Inna, ta ji ni kaɗai ce a gida, ta taso daga Bungudu da ƙullin kayanta. Inna mace ce mai kunyar suruki ta gidan gaske. Tun da aka yi aurena ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle shi ba, ɗakinsa kuwa ko inuwarta ba ta taɓa gittawa ba.

Ana cikin haka masu wuta suka kawo ta da ƙarfi wata rana da la'asar. Na ji ƙauri, na ruga, na tarar fitilar ta ƙone. Akwatin ya yi duhu. Na tsaya a kansa, kuma ba zan ɓoye ba, a ranar na ɗaura ran mijina a jikin duwatsun nan. Na san ba hankali ba ne, na san ba addini ba ne, na yi istigfari. Amma zuciyata ta kafe cewa muddin murjanin na da rai, shi ma yana da rai.

Kwanaki suka ɗan tura ina buɗe musu taga kawai. Bakunan suka daina buɗewa sosai, launin ya fara kodewa. Na yi kuskuren faɗa wa Inna cewa rashin haske ne ke damunsu. Ita kuwa Inna a wurinta babu abin da rana ba ta gyarawa. Jariri ya yi shawara, a kai shi hantsi. 'Yan tsaki sun yi laushi, a kai su hantsi. Katifa, dawa, daddawa, duk maganinsu ɗaya.

Na tafi makarantar da nake koyarwa. Da na dawo bayan azahar, na tarar da robar wanki a tsakar gida, rana ta take, ga murjani biyu masu rassa a ciki cikin ɗan ruwansu. Inna ta yi sallama da kunyarta ta shiga ɗakin, ta kwaso su don ta taimaka. Na tsoma yatsa, ruwan kamar shayi.

"Duba yadda sunka yi hwari tas," in ji ta, fuskarta cike da murna. "Duk dauɗar ta hita. Wancan na ukkun ya ƙi ɓamɓaruwa, da shi ma na kawo shi."

Farin nan ƙashi ne. Naman ya saɓule yana yawo a ruwa kamar majina. Na buɗe baki, abin da ya zo min ba abin da ake faɗa wa uwa ba ne, na haɗiye shi. Na ce, "Inna, sun mutu." Ta dube ni, ta dubi robar, murnar ta zube daga fuskarta. Ta san abin da na ɗaura a kansu, domin ta sha jin ina yi musu magana.

Saura ɗaya. Na ja mayafi na nufi shagon maƙwabcinmu, wani mutumin kudu mai sayar da kayan sola. Ya baje min abin da yake da shi. Ga babbar fitilar tsaro, ya ce za ta haska har bayan gida. Na kai tafin hannu kusa da ita, na ji zafi, na ce a'a. Ga dogon ƙwai, amma sai da wutar gari yake kamawa, ita kuwa ba ta da amana, janareta kuma babu mai. Ga farar fitilar sola, ba ta da zafi, sai dai haskenta na soke ido. Na tsaya ina juya su, muryar maigida na dawo min guntu-guntu, duk abin da na ɗauka ya bi iska lokacin tsinkar zogale.

Na ce, "Ba ka da shuɗiya?"

Ya yi dariya. "Madam, shuɗi sai masu keke napep da masu aski. Ado ne, ba ya haska komai."

Na ce ya kawo. Ya ciro wani zare mai ƙananan idanu shuɗɗa, irin wanda samari ke zagaye rufin keke da shi. Na saye shi tare da farar. Ya zo ya haɗa su da batirin. Na sa ya rataye farar kusa da silin, na naɗe ta da tsohon gidan sauro ninki-ninki, shuɗin kuma na zagaye sandar da ke saman akwatin da shi. Ɗakin ya koma kamar shagon aski. Ban san ko daidai na yi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Kullum da safe kafin in wanke ido sai na leƙa. In na ga kamar ya saba, sai in zare ninki ɗaya na gidan sauron. Wata rana na zare, gefen ya yi fari-fari, na mayar da sauri, na yini ban ci abinci ba. Ga zafin rana, da azahar gilashin kan yi ɗumi. Na faɗa a gaban Inna cewa maigida kan kunna fanka a saman ruwan, amma batirin ba zai ja ba. Washegari na dawo daga makaranta na same ta zaune a kan tabarma a ɗakin surukinta, da mafici a hannu, tana yi wa ruwa fifita. Daga ranar aikinta ke nan, daga azahar zuwa la'asar, sai salla ke tashinta. Ba mu taɓa maganar robar ba.

Wata azahar ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji sallama. Muryar ta dishe, amma na gane ta. Kwanon ya suɓuce min. Ya rame, rigarsa ta yi datti, a bayan motar hatsi ya samu ya shigo. Kafin in ce komai ya ce, "Tsohuwa ta cika. Mun rufe ta tuni, ba yadda zan aiko." Idonsa a bushe yake. Ya wuce ni ya nufi ɗakinsa kamar mai tafiya cikin barci, na bi shi ina so in tare shi domin Inna na ciki, amma ya riga ni.

Ya ɗaga labule ya tsaya. Ga shuɗin haske, ga gidan sauro a silin, ga fararen ƙasusuwa biyu da na mayar gefe. Ga na ukun a kan dutsensa, bakunansa a buɗe suna motsi. Ga kuma Inna, ba mayafi, ba hanyar fita sai ta gabansa.

Ya durƙusa a bakin ƙofa. Inna ta sunkuyar da kai, amma hannunta bai tsaya ba.

"Malam," ta ce, "ni na kashe maka biyun ga. Na kai su rana."

Ya dubi fararen ƙasusuwan. Sannan ya ce, "Inna, tawa uwar ta tahi."

A nan kukan da bai yi a Tsafe ba ya ƙwace masa, ya kifa kai a kan gwiwa, gumi na bin wuyansa. Inna ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun da aka ɗaura mana aure. Ta matso da tabarmarta, ta juya maficin daga kan ruwan zuwa kansa.